GIDAJEN LAMBOBIN GIRMA NA SARAKUNAN FARISA

 

A wannan mako za mu ɗan ratse daga hanyar da muka saba bi, mu leƙa wata 'yar kasuwa wadda ba kowa ya san da zamanta ba. Waɗanda fatauci ko aikin gwamnati ya taɓa kai su Landan, ko Paris, ko Istambul, in har sun ratsa ta rumfunan masu sayar da kayan da, watakila sun ga waɗansu 'yan akwatuna da ba su wuce tafin hannu biyu ba, an lulluɓe su da fata ko karan-miski, an buga hoton zaki da rana da kambin sarauta a bisa marfinsu da ruwan zinariya. In ka buɗe, sau da yawa ba ka tarar da kome a ciki sai wani gurbi da ya koɗe. In kuwa ka taya shi tayin fanko, sai mai rumfa ya dube ka duban wanda bai san abin da yake tayawa ba. Waɗannan su ne gidajen lambobin girma na sarakunan Farisa, watau ƙasar Iran, akwai kuma mutane a duniya da ba su da wata sha'awa da ta wuce tara su.

To, me zai sa mai hankali ya sayi kube babu wuƙa? Amsa ita ce, lamba ba ta faɗin tarihinta. Azurfa ce da aka ƙera dubbai iri ɗaya, sau da yawa ma ba a buga sunan maƙerinta a jikinta ba, balle sunan wanda aka bai wa. Gidanta shi ne ke ba da shaida a kanta: wa ya yi ta, a wane gari, a zamanin wane gidan sarauta, kuma daraja ta nawa ce. Masu karatun hadisi sun san ba a karɓar magana sai an bincika ta hannun wa da wa ta biyo. Haka masu wannan sha'awa suka ɗauki ɗan akwatin nan.

Sarakunan Musulmi na da ba su san rataya wa mutum lamba a ƙirji ba. Abin da suka gada shi ne tufatarwa: in sarki ya yarda da baransa ko baƙonsa sai ya ba shi riga ta alfarma, ko takobi, ko doki da kayansa. Lamba irin ta Turai ta ƙofar siyasa ta shigo. Sarkin Istambul Salim na Uku shi ya fara, cikin 1799, da ya ƙago Lambar Jinjirin Wata domin ya saka wa Nelson, hafsan jiragen ruwan Ingila da ya karya rundunar Faransa a gaɓar Masar. Ba a daɗe ba Farisa ta bi sawu. Fatahu Ali Shah, sarki na biyu na gidan Ƙajar, wanda ya yi mulki daga 1797 zuwa 1834, yana fama da Rasha a iyakarsa ta arewa, sai ya ƙulla alkawari da Napoliyon cikin 1807. Napoliyon ya aiko masa da wani janar mai suna Gardane, Shah kuwa ya karrama shi da wata sabuwar lamba da aka kira Lambar Rana. Da wakilan Ingila suka iso a bayansa aka miƙa musu irinta, sai suka ƙi, wai ba za su rataya abin da aka ƙago domin abokin gabansu ba. Maganin da fada ta samo shi ne a ƙara zaki a ƙarƙashin ranar. Ta haka aka sami Lambar Zaki da Rana, wadda Farisawa ke kira Nishani Shir wa Khurshid. Yawancin littattafai suna ba da 1808 a matsayin shekarar kafa ta, Sir John Malcolm kuwa, wakilin Ingilishi daga Indiya, ya karɓe ta cikin 1810.

Shi wannan hoto na zaki da rana ya girmi gidan Ƙajar nesa ba kusa ba. Asalinsa daga masu lissafin taurari ne, watau rana a burujin Asad, an kuma same shi a jikin dirhamin Sarki Kaikhusrau na Biyu na Saljuƙawan Anatoliya, wanda ya yi mulki daga 1237 zuwa 1246. Daga baya mutanen Farisa, da yake mafi yawansu Shi'a ne, suka riƙa fassara zakin da Sayyidina Aliyu, Allah Ya ƙara masa yarda, saboda laƙabinsa na Zakin Allah, takobin da aka ɗora wa zakin a hannu kuma suka ce Zulfiƙari ne. Cikin 1856 ma, bayan an ci birnin Herat, Nasiruddin Shah ya ƙago wata lamba mai ɗauke da zanen da suka ce siffar Sayyidina Aliyu ce, wadda ba mai rataya ta sai shi sarkin kansa. A kan Lambar Zaki da Rana zakin iri biyu ne: akwai wanda ke tsaye da takobi, shi ne na soja, akwai kuma wanda ke kwance rana na ɓullowa ta bayansa, shi aka fi bai wa farar hula da baƙi.

Lambobin farko aikin hannu ne na maƙeran fada, ana yi wa zinariya ado da narkakken gilashi mai launi wanda ake gasawa a jikinta, su suna ce masa mina. Wanda ya je gidan ajiye kayan tarihi na Victoria and Albert a Landan zai ga sarƙar wuya da tauraron da Fatahu Ali Shah ya bai wa Sir John Kinneir Macdonald, jakadan da ya shiga tsakani lokacin sulhun Turkmanchai da Rasha cikin 1828, da sa hannun mai zanen, Muhammadu Ja'afar. Irin waɗannan ba su shigowa kasuwa sai nadiran. Abin da ya cika kasuwa ya samo asali ne daga 1872, sa'ad da aka sake tsara lambar bisa tsarin ta Faransa, aka kasa ta daraja biyar, sa'an nan Nasiruddin Shah, wanda ya yi mulki daga 1848 zuwa 1896, ya yi tafiye-tafiyensa uku zuwa Turai cikin 1873 da 1878 da 1889. Duk inda ya sauka sai an raba lambobi, daga waziri har magajin gari da likita da shugaban tashar jirgin ƙasa. Abin ya kai har marubucin nan na Rasha, Chekhov, ya rubuta wani gajeren labari cikin 1887 mai suna Zaki da Rana, yana yi wa wani magajin gari ba'a saboda yadda ya zubar da girmansa wajen fadancin wani baƙo Bafarishe domin kwaɗayin wannan lamba.

Kada mai karatu ya zaci Turawa kaɗai ciwon ya kama. Muzaffaruddin Shah ya je Ingila cikin 1902 da zaton za a ba shi lambar Garter, wadda Sarauniya Biktoriya ta bai wa mahaifinsa cikin 1873. Sarki Edward na Bakwai ya ƙeƙasa ƙasa, ya ce ba lambar da ta dace da wanda ba Kirista ba ce. Shah ya koma gida da fushi, sai da gwamnatin Ingila ta matsa wa sarkinta lamba, kana aka aika da ita har Tehran cikin 1903.

Yanzu ga abin da ke ɗaure wa baƙon wannan kasuwa kai. Ya ɗauki akwati mai zakin Farisa a waje, ya buɗe, sai ya ga rubutun Faransanci ko Jamusanci a cikin marfi, ya ce lalle jabu ne. Ba haka ba ne. A wurin fadar Farisa ainihin girmamawar ita ce takardar umurnin sarki, wadda suke kira farman, mai ɗauke da hatiminsa. Sau da yawa ita ce ke isa hannun baƙon da aka karrama, shi kuma ya tafi wurin maƙerin zinariya na garinsu ya sayi lambar da kuɗinsa. Saboda haka maƙeran Turai da yawa suka shiga ƙera ta, kowa da irin gidan da yake saka tasa. A Paris akwai Halley da Kretly, waɗanda kantunansu suke a Palais Royal, da Lemaitre, da Arthus-Bertrand mai kanti a lamba 46 a titin Rennes, wanda daga baya ya ƙera wa gidan Pahlawi lambobi masu yawan gaske. A Biyana akwai Rothe, a Barlin akwai Godet, maƙeran Rasha su ma sun yi nasu. A Tehran kuwa sunan da aka fi gani shi ne Sani'ul Mamalik, wanda kan zo da haruffan boko a dunƙule, Saniolmamalek. Mai tarawa na gaske in ya ga lamba tsirara yakan iya cewa wannan hannun Paris ne, wancan na Tehran, amma zato ne kawai yake yi, sai in ta zo cikin gidanta.

Karatun akwati daga waje ake fara shi. Abin dubawa na farko shi ne kambin da ke bisa zakin. Gidan Ƙajar suna da nasu da ake kira Kiyani, dogo ne mai tudu, an yi masa ado da lu'ulu'u. Riza Shah da ya kawar da su cikin 1925 bai yarda ya sa nasu ba, sai ya sa aka ƙera masa sabo domin bikin naɗinsa na 1926, mai siffar hasken rana a gaba. Dukansu biyu suna ajiye a taskar Babban Bankin Iran a Tehran. To, duk akwatin da ke ɗauke da kambin Pahlawi ba zai girmi shekarun nan ba, kome abin da dillali zai rantse da shi. Haka kuma sunan ƙasar: cikin 1935 Riza Shah ya nemi ƙasashen waje su daina cewa Farisa su riƙa cewa Iran, cikin 1939 kuma Lambar Humayun ta maye gurbin ta Zaki da Rana. Akwai kuma Lambar Taj, watau ta Kambi, da Lambar Pahlawi ta sarakuna da shugabannin ƙasashe, da Zulfiƙar ta jarumtakar soja, kowace da irin gidanta.

A nan wanda ya yi karatun allo ya fi Bature sa'a, domin a marfin waɗansu akwatunan akan buga sunan lambar da darajarta da haruffan Larabci, kalmar da suke amfani da ita kuwa ita ce dai tamu, daraja. Sai dai a lura, rubutunsu mai kwanciya ne wanda ake kira nasta'aliƙ, suna da haruffa huɗu da babu su a Larabci, alƙalumansu na 4 da 5 da 6 kuma siffarsu ta ɗan saɓa da wadda muka saba gani a littattafan Masar.

Ita fatar da ake lulluɓe masu tsadar da ita, Turawa suna kiran irinta fatar Maroko. Fatakenmu sun san cewa da yawa daga fatar da ta yi suna da wannan laƙabi a Turai ta jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ce, wadda ayari ke ɗauka daga Kano ya ƙetare Sahara da ita. Amma mafi yawan akwatunan ƙananan darajoji ba fata ba ce a jikinsu, takarda ce ko yadi da aka matse ya yi kama da ita, dukawa kuwa da taɓawa ɗaya za su gane.

In an buɗe, cikin marfin yawanci alharini ne fari, a nan maƙeri ke buga sunansa da adireshinsa, wani lokaci har da jerin fadojin da yake yi wa aiki. Tun da maƙera sukan sauya kanti, ko ɗa ya gaji uba, ko wani ya saye wani, adireshin kaɗai yakan ƙayyade shekarun da aka yi akwatin. Amma shaidar da ba a iya saye ita ce ta gurbin ƙasa. An yanka shi ne daidai da jikin lambar da aka yi shi dominta. Tauraron daraja ta ɗaya na Zaki da Rana tsini takwas gare shi, na ta biyu bakwai, na ta uku shida. Akwatin babbar daraja yana da faɗi, domin akwai wurin tauraron ƙirji, da wurin lambar rataye, da kuma inda ake naɗe faffaɗan ƙyallen nan da ake saɓawa kamar hamila, wanda na baƙi kore ne. Bugu da ƙari, ƙarfen da ya kwana shekara ɗari a bisa karan-miski sai ya bar sawunsa, ya danne gashin wurin, ya bar duhun azurfa a alharinin marfi daidai inda yake taɓawa. Lambar da ba ta gidan ba ce ba ta hawa wannan sawu.

In an yi sa'a farman ya biyo akwatin, sai a yi hattara da lissafin shekara, gama nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. Takardun gidan Ƙajar da shekarar Hijira ta wata ake rubuta su, irin wadda muke bi, shi ya sa 1290 ta zo daidai da 1873. Daga 1925 Iran ta koma lissafin Hijira na rana, wanda ake ƙara masa 621 a sami shekarar Miladiyya, watau 1350 ita ce 1971, shekarar da Muhammadu Riza Shah ya yi gagarumin bikin cikar sarautar Farisa shekara 2,500 a kufan Persepolis, aka buga lambobin tunawa. Alal misali takarda mai ɗauke da 1340 tana iya zama ta 1921 in lissafin wata ne, ko ta 1961 in na rana ne, tazarar shekara 40 ke nan, sai sunan sarki da kambi su raba gardama. Wanda kuma ya ga 2535 kada ya ce kuskure ne. Cikin 1976 Shah ya jingine lissafin Hijira ya ɗora na sarauta daga zamanin Sairus, abin da ya fusata malamai ƙwarai, bai kuwa kai ko'ina ba aka soke shi cikin 1978. Ran 16 ga Janairu 1979 Shah ya bar ƙasar, lambobin sarauta suka faɗi tare da shi, cikin 1980 kuma aka cire zaki da rana daga tuta.

Yadda aka yi akwatuna suka rabu da lambobinsu ba shi da wuyar ganewa. Mai lamba yakan jera nasa a rigar biki ya jefa gidajen a ƙasan adaka. In ya mutu magada su raba, wannan ya ɗauki azurfa, wancan ya zubar da fanko ko ya mai da shi gidan allura. Hafsoshi da manyan ma'aikatan da suka bar Iran bayan 1979 kuwa, mai gudu ba ya ɗaukar abin da zai cika masa jaka. Ta haka lambobi suka fi gidajensu yawa a duniya, abin da ya yi ƙaranci kuma shi ke tsada. A gidajen gwanjo irin su Spink da Noonans na Landan, ko Künker na Jamus, in lamba ta zo cikin gidanta na asali sai an rubuta haka a takardar bayanin haja, kuɗinta kuma ya ɗara na 'yar'uwarta tsirara.

To, a nan ne ha'inci ya sami ƙofa, a nan ne kuma maganar ta shafi 'yan kasuwarmu kai tsaye. Mutum ya sayi fanko a wuri ɗaya, ya sayi lamba a wani wuri, ya haɗa su ya sayar a kan cewa tare suka fito daga hannun maƙeri. Turawa masu wannan sana'a suna kiran haka aure, mu dai a ganinmu auren dole ne. Wani ma yakan ɗauki tsohon gidan alƙalami ko na madubi, irin waɗanda Farisawa suka shahara da yi wa zanen fure da tsuntsu, ya shimfiɗa masa sabon karan-miski ya ce gidan lamba ne. Haɗawar a kanta ba laifi ba ce. Wanda ya samo wa lambar Halley gidan Halley na zamaninta da darajarta ya yi aikin kirki, muddin ya gaya wa mai saye cewa shi ya haɗa. Laifin yana wajen yin shiru. Malaman fiƙihunmu sun wajabta wa mai sayarwa ya bayyana duk abin da ya san in mai saye ya ji zai rage masa sha'awa ko ya rage kuɗi, mai saye kuma yana da ikon mayar da haja in ya gano abin da aka ɓoye masa. Faɗin cewa ai ga shi a gabansa, da idonsa ya gani, ba ya kuɓutar da kowa, tun da abin da aka saya a nan shaida ce, shaidar kuwa ita aka gurɓata. Haka nan dillalin da ke tsayawa a wurin gwanjo yana ƙara tayi ba da niyyar saye ba, sai don ya zuga wani, wannan shi ne najashi da aka hana, ko da a gaban mai guduma aka yi shi ko ta intanet.

Akwai waɗansu mas'aloli kaɗan da muka san za a tambaya. Alharinin da ke cikin marfi ba tufa ba ne, haramcin kuwa a kan namiji ya sa shi ne. Zanen zaki da ke shafe a jikin fata ba shi da inuwa, malaman Malikiyya kuwa sun bambanta tsakanin irinsa da mutum-mutumi cikakke mai inuwa: na biyun suka haramta, na farkon bai wuce karhanci ba. Inda ya kamata a tsaya shi ne akwatin da aka ƙera shi kacokan da zinariya ko azurfa, domin a mazhabarmu ko ajiye mazubi irin wannan an hana, balle amfani da shi. Game da zakka, wanda ya tara don sha'awa babu kome a kan fata da katako, amma nauyin zinariya da azurfar lambobin yana shiga lissafin dukiyarsa, nisabi kuwa dinari 20 ne ko dirhami 200. Wanda ya saya don ciniki, in mai jujjuya haja ne sai ya yi musu kima duk shekara tare da sauran kayan kantinsa, in kuwa mai ajiyewa ne yana jiran kasuwa, sai ran da ya sayar ya fitar da ta shekara ɗaya.

Wanda Allah Ya sa ɗaya daga cikin akwatunan nan ya shigo hannunsa, ya sani yanayinmu ba ya raga musu. Hunturu yana tsattsaga tsohuwar fata, damina tana kawo fumfuna, rana tana cinye launin karan-miski, ga gara ga kyankyaso masu son manne. A naɗe shi cikin farin ƙyalle mai tsabta, a sa a inuwa nesa da bango da ƙasa. Kada a shafa masa man takalmi, kada a goge ruwan zinariyar marfi, kada a tilasta maɓallinsa in ya cije. Mafi muni duka shi ne a ga alharinin ciki ya yage a ce za a sauya shi da sabo, alhali sunan maƙeri a jikinsa yake, in ya tafi rabin kuɗin akwatin ya bi shi. Farman kuma a shimfiɗe ake ajiye shi tsakanin takardu biyu, ba a linke shi a tura cikin akwatin ba. Sa'an nan mai shi ya sami 'yar takarda ya rubuta inda ya saya, da wurin wa, da ranar, da nawa ya biya, da ko tare da lamba ya zo ko fanko, ya ajiye ta tare da akwatin ba tare da ya manna ta a jikinsa ba.